Kwaɗon da ya kusa sa yayana asarar ɗinkin Sallah

Ranar goma sha biyu ga azumin da ya wuce, ina aji ana mana darasin tace labarai, wayata ta dinga motsi a aljihu. Yayana ne, kira huɗu a jere. Duk wanda ya san telan Fagge a irin wannan lokaci ya san ko gaisuwa a tsaitsaye yake amsawa, balle ya ajiye almakashi ya kira mutum sau huɗu. Da na fito na kira shi, ko sallamata bai amsa da kyau ba.

"Kai, me ka yi wa shafin nan? Alhajin Maraɗi ya ce wayarsa ta gaya masa mu ɓarayi ne."

Ya turo min hoton da Alhajin ya ɗauka. Jan gargaɗi ne ya cika fuskar wayar, da Faransanci, yana cewa hanyar shiga shafin ba ta da tsaro, kuma mai yiwuwa wasu na ƙoƙarin sace bayanansa. Na buɗe a tawa wayar, ga shi nan da Turanci: "Your connection is not private". Alhajin nan kuwa kaya ashirin yake ɗinkawa duk Sallah, nasa da na 'ya'yansa da na yaran shagonsa.

Mai karatu, idan kana cikin matasan da suka fara ɗora wa kansu ko 'yan uwansu shafin intanet, ka daure ka karanta wannan har ƙarshe. Gemuna ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Yadda na ɗauko wa kaina aiki

Yayana tela ne, shagonsa na Fagge, aikinsa kaftani da babbar riga da aikin wuya. Shadda da yadi daga Kantin Kwari yake ɗauko su, ga su nan kusa. Matsalarsa kullum ita ce awo. Wani zai turo nasa a saƙon murya, wani a hoton takarda, wani ya ce "irin na bara, amma a ƙara kaɗan". Zuwa tsakiyar azumi sai ka ga an haɗa hannun Musa da kafaɗar Isa.

Ni kuma an koya mana ɗan abin da ya shafi aikin jarida a intanet, sai na ga ai na zama gwani. Na ce masa zan yi masa shafi, a sa hotunan ɗinki, a sa fom ɗin da mutum zai cike tsayi da kafaɗa da hannu da wuya da lambar waya. Don kada mu riƙa biyan kuɗin hayar saba da dala, na sayo tsohuwar laftof ta hannu a wajen wani mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari, ta ɓangaren France Road, na ɗora mata Ubuntu da Nginx, na ajiye ta a kan durowa a ɗakinmu. Sunan shafi kuma muka yi rajistarsa da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi a Najeriya.

Mai gyaran nan, wanda kowa ke kira Oga, Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Da na gaya masa abin da zan yi da laftof ɗin, ya yi dariya ya ce, "Ɗan jarida, za ka dawo." Na dawo kuwa, sau uku.

Mene ne kwaɗon ma tukuna?

Idan adireshin shafi ya fara da http kawai, duk abin da ka rubuta a ciki a buɗe yake tafiya, kamar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba. Wanda kuke kan wifi ɗaya da shi, ko wani a tsakiyar hanya, zai iya karantawa, har ma ya canza. Idan ya fara da https, an nannaɗe saƙon ta yadda daga wayarka sai sabar da ke ɗauke da shafin ne kawai za su iya warware shi. Tun watan Yulin 2018 burauzar Chrome ta fara liƙa wa duk shafin http alamar "Not secure".

Amma kafin wayarka ta yarda ta nannaɗe saƙo ta miƙa, sai shafin ya nuna mata takardar shaida, wato satifiket, mai cewa lallai wannan sabar ita ce mai wannan suna. Ka tuna yadda ake neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Mai unguwa zai ce ya san ka, dagaci ya ce ya san mai unguwa, hakimi ya ce ya san dagaci. To haka abin yake. Kowace waya tana zuwa da jerin manyan hukumomin da ta amince da sa hannunsu, su kuma suna da wakilai a ƙarƙashinsu masu sa wa shafuka hannu.

Kuskurena na farko, na bi wani bidiyo na haɗa satifiket da kaina, na sa masa hannu da kaina. Burauza ta ƙi shi nan take. Kai ma in wani ya kawo maka takarda ya ce shi ne mai nema, shi ne mai unguwa, shi ne hakimi, ai ka san inda za ka ajiye ta.

A da sayen satifiket ake yi. A ƙarshen 2015 wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka, ISRG, ta buɗe wa jama'a Let's Encrypt, wadda ke bayar da shi kyauta. Akwai manhaja mai suna Certbot, ta ƙungiyar EFF, da ke yi maka aikin nema da ɗorawa. Sharaɗin shi ne ka nuna sunan shafin naka ne, kuma satifiket ɗin kwana 90 yake yi ya mutu. Riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Gidan haya mai lamba ɗaya

Na kunna Certbot ina jiran barka. Sai ya tsaya jim, ya dawo da jan rubutu cewa an yi ta ƙwanƙwasa sabar tawa ba a samu amsa ba. Na sake, na kuma sake. A karo na shida aka ce min in dakata, na wuce ƙa'ida. Ashe gwaji biyar da suka faɗi kawai ake yarda da su a cikin awa ɗaya a kan suna guda. Akwai filin gwaji da aka tanada don masu koyo, wanda ake shiga da ƙara --dry-run a ƙarshen umarni, amma ni ban san da shi ba.

Ga yadda tantancewar take. Certbot zai ajiye wani ɗan fayil a cikin sabarka. Daga can waje, kwamfutocin Let's Encrypt za su biyo sunan shafinka, su shigo ta ƙofa mai lamba 80, su duba ko fayil ɗin na nan. In sun gan shi, an yarda gidan naka ne. In ba su iya shigowa ba, babu satifiket.

Ni kuwa a ɗakinmu shafin na buɗewa lafiya lau. Ban lura ba cewa duk gwajin da nake yi, wayata da laftof ɗin suna kan MiFi ɗaya ne. Na ɗauki laftof da MiFi na hau adaidaita sahu sai wajen Oga.

Ya shiga shafin saitin MiFi ɗin, ya nuna min lambar adireshin da kamfanin sadarwa ya ba mu. Ta fara da 100.72. Sannan ya buɗe wani shafi mai nuna lambar da duniya ke ganinka da ita, sai ga wata daban.

"Ka ga gidajen hayar nan namu na Sabon Gari?" in ji shi. "Ɗaki talatin, lamba ɗaya a ƙofar gida. Kai in ka fita aike za ka dawo ɗakinka. Amma baƙon da ya zo da lambar gida kawai, ɗakin wa zai ƙwanƙwasa?"

Sunan wannan tsari CGNAT. Dalilinsa, tsofaffin lambobin intanet, wato IPv4, ba su wuce biliyan 4.3 ba gaba ɗaya, kuma sun yi wa duniya kaɗan. Shi ya sa kamfanonin waya ke haɗa mutane da yawa a bayan lamba ɗaya. In ka ga lambar rautarka tana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ta fara da 10, kuma ta bambanta da wadda duniya ke gani, kana cikin gidan haya. Ko kwana za ka yi kana buɗe ƙofofi a rauta, babu mai iso gare ka daga waje.

Mafita uku Oga ya lissafa min. Ko ka nemi kamfanin da zai ba ka lambarka ta kanka, ka biya ƙari duk wata. Ko ka yi amfani da irin su Cloudflare Tunnel, inda sabarka ce za ta fita ta kama hanya, baƙi su biyo ta nan su shigo. Ko ka haƙura da saba a gida, ka kama haya a waje. Akwai kuma wata hanyar tantancewa ta DNS, inda za ka rubuta wata kalmar sirri a cikin bayanan sunan shafinka maimakon a shigo maka gida. Za ta ba ka satifiket ko kana gidan haya, sai dai ba za ta buɗe wa kwastoma hanya ba.

Mun zaɓi ta farko, saboda da ma Yaya na son intanet mai ƙarfi don tura hotuna. Aka kafa mana eriya a saman soro, aka ba mu lambarmu. Na shiga rauta na ce duk wanda ya zo ƙofa ta 80 da ta 443 a wuce da shi wajen laftof, na kuma ɗaure wa laftof ɗin lamba ɗaya a cikin gida don kada ta canza in an ɗauke wuta an dawo da ita. Cikin sanyin farkon Disamba, wajen ƙarfe ɗayan dare, Certbot ya ce an dace. Sai da na tashi ƙanina daga barci na nuna masa.

Yana buɗewa a nan, yana ƙi a can

Murnar ba ta yi kwana biyu ba. A laftof ɗina komai daidai, a wayata ma haka, amma a wayar wani abokina gargaɗi ake yi. Komawa ta biyu wajen Oga ke nan.

Certbot yana ajiye fayiloli huɗu. Biyu daga ciki sunayensu na rikita sabon shiga: cert.pem da fullchain.pem. Na farkon takardarka ce kaɗai. Na biyun takardarka ce haɗe da ta wakilin da ya sa maka hannu. Ni da na gyara saitin Nginx da hannu, na farkon na nuna masa. Wato na kai takardar mai unguwa babu ta dagaci. Wasu burauzoji kan je su nemo ragowar da kansu, wasu wayoyi da manhajoji kuwa ba ruwansu, ƙi kawai za su yi. Layi ɗaya muka canza, matsalar ta kau. A cikin fayilolin akwai privkey.pem, shi ne makullin gidan. Kada ka tura wa kowa shi a WhatsApp, ko da mai taimakonka ne.

Sai kuma wayar wani yaron shagon Yaya, wadda ke ta ihu a kan kowane shafi, har da Google. Da muka duba, kwanan watan wayar ya koma shekarun baya tun ranar da batirinta ya mutu. Kowane satifiket na ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa, waya kuma da agogonta take auna su. Don haka in wani ya ce maka shafinka na gargaɗi, fara tambayarsa yau nawa ga wata a wayarsa.

Akwai kuma wata matsalar daban. Wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba, wato waɗanda manhajarsu ta girmi ƙarshen 2016, ba su san hakimin Let's Encrypt ba. An daɗe ana lallaɓa su da sa hannun wata tsohuwar hukuma, amma wannan dabara ta ƙare a 2024. Irin waɗannan wayoyi kuwa har yanzu suna hannun mutane a kasuwanninmu. Shawarar da ake ba mai ita a da ita ce ya gwada burauzar Firefox, domin ita da nata jerin take tafiya.

Ƙofar da na rufe da hannuna

Yanzu mu koma ranar goma sha biyu ga azumi. Na bar sauran darussan ranar, na kamo hanyar Fagge da tsakar rana, baki a bushe, ina ta lissafin me ya lalace. Da na danna gargaɗin na karanta bayanin da ke ƙasa, sai na ga satifiket ɗin ya mutu tun daren jiya. Na ƙirga daga farkon Disamba. Kwana 90 cif.

Abin da ya ɗaure min kai, Certbot da kansa yake sabuntawa. Sau biyu a rana yake dubawa, in saura kwana 30 sai ya nemi sabo. Na buɗe littafin da yake rubuta abin da ya faru, a /var/log/letsencrypt, sai na ga wata guda cur yana ta nema ana cewa ba a iya shigowa ba. Kullum, babu fashi.

Nan na tuna. Mako guda bayan komai ya daidaita, na karanta wani rubutu a kan tsaron saba, cewa a rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita. Na ce ai tunda muna da https a ƙofa ta 443, me za mu yi da 80? Na shiga rauta na rufe ta, ina jin na yi abin kai. Ashe ƙofar da masu tantancewa ke shigowa na toshe. Su kansu Let's Encrypt shawararsu ita ce a bar ta a buɗe, a riƙa juya duk wanda ya shigo ta nan zuwa 443.

Na kira Oga na ce ba su turo min saƙon gargaɗi ba. Ya ce, "Sun daina tun watan Yunin 2025, kuma sun sanar tun kafin lokacin. Kai ne ɗan jarida, ni zan karanta maka labari?" Ban da amsa.

Na buɗe ƙofar, na rubuta sudo certbot renew, na sake tayar da Nginx. Duka-duka bai kai minti goma ba.

Alhajin Maraɗi ya cike fom ɗinsa bayan sallar asham, ya kuma turo saƙon murya yana dariya, wai ya ɗauka Fagge ta fara sabuwar sana'a. Shekara takwas yana ɗinki a wajen Yaya, shi ya sa ya kira. Da na duba lissafin masu shigowa na ranar da abin ya faru, na ga mutane sun zo bakin shafin sun juya. Akwai mutum biyu daga Abuja da aka haɗa Yaya da su a makon, suka ce za su turo awo, har Sallah ba a sake jin su ba. Ba mu san ko gargaɗin ne ya kore su ba. Yaya dai bai ce min komai a kai ba, kuma shirun ya fi min faɗa ciwo.

Abin da kwaɗon ba ya faɗa

Kafin ka tafi da tunanin duk shafi mai https na kirki ne, tsaya. Ni da ban san komai ba na samu satifiket kyauta a cikin daƙiƙu. Ɗan damfara ma haka zai samu. Waɗannan shafukan da ake yaɗawa a WhatsApp, na "tallafin gwamnati" da "ɗaukar ma'aikata", masu neman BVN da NIN da lambar katinka, da yawansu na ɗauke da https. Satifiket yana tabbatar maka saƙonka zai isa ga mai wannan suna ba tare da an leƙa ba. Halin mai sunan kuwa, babu ruwansa da shi.

Kamfanin Google ya ce a binciken da ya yi a 2021, kashi 11 cikin ɗari ne kacal na waɗanda aka tambaya suka fahimci ainihin ma'anar hoton kwaɗon. Shi ya sa daga watan Satumbar 2023 Chrome ta cire shi daga gefen adireshi, ta sa wata alama daban. Don haka ka riƙa karanta sunan shafin harafi bayan harafi kafin ka rubuta komai a ciki.

Kai kuma mai shafi, ka sani lambar wayar kwastoma da adireshinsa amana ce a hannunka, kuma tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Karɓar su ta buɗaɗɗiyar hanya ganganci ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Wa'adin satifiket ma raguwa zai dinga yi. A watan Afrilun 2025 taron masu burauza da hukumomin bayar da satifiket, CA/Browser Forum, ya amince a rage mafi tsawon wa'adi daga kwana 398 zuwa 200 a Maris ɗin 2026, zuwa 100 a 2027, zuwa 47 a 2029. Wanda ke sabuntawa da hannu, ko wanda ya ɗora ya manta irina, zai sha wahala.

Ga abin da nake yi yanzu. Duk lokacin da na taɓa rauta ko saitin saba, ko da abu kaɗan ne, sai na rubuta sudo certbot renew --dry-run na ga ya wuce lafiya. Ba na gwada shafin a wifi ɗin gida, kashe shi nake in kunna data. Na haɗa rautar da fawa-banki, tunda laftof na da batirinta amma rauta da an ɗauke wuta take mutuwa. Ranar ɗaya ga kowane wata wayata na tuna min in duba ranar mutuwar satifiket. Wannan ranar kuma na rubuta ta da alli a bangon shagon Yaya, kusa da inda yake rubuta ranar karɓar kaya, shi ma yana tambayata.

In za ka tambaye ni ko ka ajiye saba a gida, zan ce in koyo kake so, bismilla, abin da na koya a wata huɗu ya fi na zango guda a aji. In kuwa abincin wani ne zai rataya a kai, zauna ka yi lissafin kuɗin lamba da na wuta da na zirga-zirga, ka kwatanta da kuɗin haya. Mu da muka yi namu lissafin bayan Sallah, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Komawata ta uku wajen Oga, kaftani na kai masa, ɗinkin Yaya, ruwan toka mai aikin wuya. Ya gwada, ya ce hannun ya ɗan yi tsawo. Awon a saƙon murya ya turo shi, ya ƙi cike fom.